Ɗan Mai Lambu a Fadojin Sarakunan Faransa

Ni ɗan Damagaram ne, amma a lambunan Mirriya na yi wayo. Mahaifina manomin rani ne, haka ma mahaifinsa, kuma tun kafin a sa ni makarantar boko na iya gyaran fangali da dashen albasa. Bayan na gama digirin farko a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, Allah ya nufa na samu tallafin ƙaro karatu a Faransa, aka ba ni gurbi a Jami'ar Tours, fannin tsara ƙasa da muhalli. A watan Satumba na 2016 na sauka can. Labarin karatun kansa daban ne. Wanda nake so in ba ku shi ne na yawon da na yi a tsofaffin fadoji da lambunan ƙasar, domin shi ya fi zama mini a rai, kuma shi ya sauya idon da nake kallon sana'ar gidanmu da shi.

Tsakiyar birnin Tours tana kwance ne tsakanin koguna biyu, Loire ta arewa, Cher ta kudu. Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. A ƙarni na 15 da na 16 sarakunan ƙasar sun fi son zama a wannan kwari, sai fadawa da ministoci da attajirai suka biyo su, kowa ya kafa ƙasaitaccen gidansa a bakin ruwa. A 2000 hukumar UNESCO ta sa yankin, daga Sully-sur-Loire har Chalonnes, cikin wuraren tarihi na duniya. Galibin gine-ginen da wani farin dutse aka yi su, wanda ake sarowa daga gangaren bakin kogin, mai laushi har farce yana iya kankarar sa. Ramukan da aka haƙo dutsen suna nan har yau, wasu an mayar da su gidajen zama, wasu kuma ana noman naman kaza a ciki.

Ɗalibi ba ya da kuɗin yawon buɗe ido, wannan kowa ya sani. Abin da ya taimake ni shi ne a lokacin wurare da yawa na gwamnati, irin su Azay-le-Rideau da Versailles, kyauta suke ga duk wanda bai kai shekara 26 ba muddin yana da katin zama. Na 'yan kasuwa kuma suna yi wa ɗalibai rangwame. Sai na sayi wani tsohon keke a hannun ɗalibin da ya gama zai koma ƙasarsu. Da wannan keke, da burodi da dafaffen ƙwai a jaka, na ga abin da na gani.

Fadar Villandry na fara zuwa, a farkon Oktoba. Tafiyar kamar kilomita 15 ce yamma da Tours, kuma akwai hanyar keke da ke bin gefen kogin Cher har kusa da ƙofar. Ma'aikaciyar da ta karɓi tikitina ta ce in fara hawa hasumiya kafin in shiga lambun. Na bi shawararta. Da na leƙo daga sama sai na tsaya cak, na ce tabarakallah da ƙarfi har wasu Turawa suka waigo.

Abin da ke ƙasa lambun kayan miya ne. Ba furanni ba, kayan miya. Fili ne kusan hekta guda, an raba shi murabba'i tara masu girma ɗaya, kowanne da nasa zanen, an kewaye kowane fangali da gajeren shinge na wani ɗan itace mai ƙananan ganye da suke kira buis. A cikin fangulan ga jan kabeji, ga wani dangin albasa mai shuɗin ganye, ga karas da ganyensa kore shar, ga seleri, ga kabewa, ga tattasai. An zaɓi mazaunin kowane iri ne saboda launinsa, don ja ya zauna kusa da shuɗi, kore mai duhu kusa da mai haske. A kusurwoyi an dasa itatuwan fure masu tsayin mutum, a gefe kuma an kwantar da rassan tuffa a kan waya, ba su wuce gwiwa ba, amma ga 'ya'ya nan rataye.

Jean Le Breton, ministan kuɗin Sarki François na Ɗaya, shi ya gina gidan, aka gama a 1536. Sai dai lambun da na gani ba nasa ba ne, domin masu gidan na baya sun tumɓuke shi tun tuni. A 1906 wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, da matarsa Ann Coleman, Ba'amurkiya mai gadon dukiya, suka sayi wurin. Carvallo ya ajiye binciken kimiyyar da yake yi a Paris, ya zauna yana tonon tsofaffin littattafai da zane-zanen lambunan ƙarni na 16, ya sake shimfiɗa lambun daga tushe. Zuriyarsa ce ke riƙe da gidan har yanzu.

Da na sauko na tarar da wani dattijo cikin ma'aikatan, ya ja igiya tsakanin turaku biyu yana aske shinge da babban almakashi. Na daɗe tsaye ina kallon hannunsa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma komawa inda ya riga ya wuce. Da ya ɗago ya gan ni, na gaishe shi, na ce masa ni ma ɗan mai lambu ne daga Nijar. Sai ya ajiye almakashin ya miƙo mini hannu, tafinsa duk kanta. Ya tambaye ni me muke shukawa, na lissafa masa: albasa, tumatir, kabeji, latas, rake, rogo. Ya tambayi zurfin rijiyoyinmu. Shi kuma ya gaya mini su kamar goma ne ke riƙe da lambunan gaba ɗaya, sau biyu suke dashe a shekara, na bazara da na tsakiyar zafi, kuma duk shekara ana juya mazaunin kowane iri don kada ƙasa ta gaji ko cuta ta zauna. Tun 2009 suka daina fesa maganin ƙwari na kamfani. Fartanya suka koma wa, da takin gargajiya, da sakin ƙwarin da ke cinye masu ɓarna. Babbar damuwarsa a lokacin wata tsutsa ce da ta shigo Turai daga Asiya tana cinye ganyen buis. Ya buɗa shingen da yatsunsa ya nuna mini inda ake duba ta, can ciki inda ganye ya yi duhu. Idan sanyi ya shigo kuma, suna da itatuwan inuwa sama da 1,000 da sai an yi wa kowanne aski da hannu.

Da dare na tura wa ƙanena hotunan ta WhatsApp don ya nuna wa Baba, sannan na kira. Baba bai tambaye ni girman fadar ba, bai tambayi sunan sarkin ba. Cewa ya yi, "Daga ina suke samun ruwa?" Na ce akwai babban tafki a saman lambun, ruwan yana gangarowa ta magudana. Ya ce, "Da me suke korar tsutsa?" Na gaya masa abin da dattijon ya ce. Ya yi shiru, ina jin ƙanena yana matso masa da hoton. Can ya ce, "Wanda ya ja layin nan ya san aikinsa. In ka koma ka ce ina gaishe shi." Na ce, "To Baba, zai ji." Da na koma a bazara na isar da gaisuwar, dattijon ya dafa ƙirji ya ce in mayar da tasa.

A makarantun da na yi, ɗan mai lambu ana yi masa kallon wanda ya zo boko don ya tsere wa fartanya. Malamai da kyakkyawar niyya suke faɗa mana haka: ku yi karatu don kada ku ƙare a lambu. Ga shi a nan likita ya bar asibiti da ɗakin bincike ya ƙare a lambu da son ransa, kuma mutane suna tasowa daga Japan da Amurka suna biyan kuɗi don su kalli kabeji. Ilimin da dattijon nan yake aiki da shi, na juya shuka da sanin ƙasa da lura da ganye, babu wanda Baba bai sani ba. Bambancin kawai shi ne a can an ɗauki abin a matsayin ilimi, an rubuta, ana koyarwa, ana girmama mai shi.

Kafin in bar zancen Villandry, akwai wani ɗaki a cikin gidan da ya kamata duk Musulmin da ya je ya ɗaga kai ya kalla. Rufinsa Carvallo ya sayo shi daga wata fada ta ƙarni na 15 a yankin Toledo na Sifaniya, aikin masassaƙan Musulmin Andalus da suka ci gaba da sana'arsu a ƙarƙashin sarakunan Kirista. Guntayen katako 3,600 ne masu launi da ruwan zinari, an sarƙa su taurari cikin taurari. Wuyana ya gaji kafin idona ya ƙoshi.

Chambord kuwa a tsakiyar hunturu na je, cikin motar wani abokin karatu. Wannan ita ce uwa uba wajen girma. François na Ɗaya ya aza harsashinta a 1519 a tsakiyar dajin farauta, ɗakunanta sun haura 400, kuma dajin da ke kewaye da ita, hekta 5,440, an zagaye shi da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyar ginin akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mutum biyu su hau a lokaci guda, suna hango juna ta tagogi, amma ba za su haɗu ba sai a sama. Masana da yawa suna ganin tunanin Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, a cikinta, ko da yake ya rasu a shekarar da aka fara ginin. A rufin ɗakuna an sassaƙa tambarin sarkin, wata halitta mai siffar ƙadangare a cikin wuta, ɗaruruwa, tare da harafin farko na sunansa.

Gaskiya Chambord ta burge ni, amma ba ta shiga raina ba. Sanyin cikinta ya fi na waje. Sarkin da ya zuba dukiyar ƙasa a kanta bai yi ko wata uku a ciki ba idan aka haɗa duk zuwansa, domin fadarsa mai yawo ce, da gadaje da kujeru da labule ake tafe a kan dawaki, in ya tashi a kwashe komai a bar bango. Gida ne da aka gina don a gani a ji tsoro. Daga baya dai ya yi wani amfani: a 1939, da yaƙi ya ƙarato, nan aka fara kawo kayan gidan tarihi na Louvre don a ɓoye, har da hoton Mona Lisa.

Abin da na fi tsayawa a kai a ranar yana kan soron. Can sama, tsakanin bututun hayaƙi da ƙananan hasumiyoyi, an kafa katakan hawa, magina biyu suna cire wani dutse da ruwa da ƙanƙara suka cinye, suna gwada sabo da aka sassaƙa daidai da shi. Farin dutsen nan, saboda laushinsa, ba ya jure shekaru sai da gyara. Kamar ginin ƙasa na Birnin Damagaram ne, wanda in aka yi damina biyu ba a yi masa yaɓe ba sai ya fara zubewa. Mu kan ɗauka gine-ginen Turai sun daɗe ne saboda da dutse aka yi su. Tsayuwar da suka yi ta shekara 500 aikin magina ne da ba su taɓa sauka daga kansu ba, da kuma hukumar da ta yarda ta biya su. A ƙasa kuma, ta gefen arewa da gabas, ana cikin sake dasa lambun fadar bisa tsarinsa na ƙarni na 18, hekta shida da rabi, itatuwan duk ƙanana an ɗaure su da sanduna. A bazarar 2017 aka buɗe shi.

Chenonceau ita ce wadda kowa ya fi ɗauka a hoto, kuma ta cancanta. Jirgin ƙasa daga Tours rabin awa ne, yana ajiye mutum dab da ƙofar. Gida ne da aka shimfiɗa a kan kogin Cher, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Tarihinta kusan duk na mata ne. Katherine Briçonnet ta tsaya a kan ginin farko, daga 1513, yayin da mijinta Thomas Bohier yake yawan tafiya hidimar sarki. A 1547 Sarki Henri na Biyu ya ba wa farkarsa Diane de Poitiers gidan, ita ta sa aka gina gadar. Da ya rasu a 1559, uwargidansa Catherine de Médicis ta karɓe gidan ta ba Diane fadar Chaumont a madadinsa, sannan ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kan gadar kishiyar tata. Lambunan matan biyu suna nan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da sunan mai shi.

Ni madafar ta fi ja na. Tana can ƙasa, a cikin ƙafafun ginin da ke cikin ruwa, da tukwanen jan ƙarfe rataye, da katakon yankan nama wanda wuƙa ta cinye tsakiyarsa har ya lotsa, da ɗan dakali inda jiragen ruwa ke sauke kayan abinci. Na shafa lotsawar katakon na yi tunanin yawan hannuwan da suka yi ta, ba a san sunan ko ɗaya ba. A Yaƙin Duniya na Farko iyalin Menier, masu kamfanin cakulan da suka sayi gidan a 1913, sun mayar da dogon zauren asibiti da kuɗinsu, an yi jinyar sojoji 2,254. A na Biyu kuma kogin ya zama iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai ya zama mutum ya shiga ta ƙofar gaba ya fita ta ƙarshen zauren ya tsira. Da yawa sun tsira ta nan.

Versailles sai da na haɗa kuɗin jirgi zuwa Paris. Ba zan tsaya kan zauren madubai ba, mai mita 73 da madubi 357, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta 1919 bayan Yaƙin Duniya na Farko, don cunkoson ranar bai bar ni na gan shi da kyau ba. Tarihinta dai yana farawa ne daga wani gida daban, Vaux-le-Vicomte. Nicolas Fouquet, mai kula da baitulmalin Louis na 14, ya gina shi, ya gayyaci sarki walima ranar 17 ga Agusta 1661. Bayan mako uku aka kama shi, bai sake fita daga kurkuku ba har ya rasu a 1680. Sarki ya kwashi maginin gidan da mai zanensa da mai tsara lambunsa, André Le Nôtre, ya kai su Versailles. Le Nôtre ɗan mai lambu ne, jikan mai lambu, wannan na riƙe shi da kyau.

Tambayar Baba na tafi da ita: daga ina suke samun ruwa? Amsar ita ce ba su taɓa samun isasshe ba. Versailles ba ta kan wani babban kogi. A 1684 aka gama wata ƙatuwar na'ura a Marly, mai manyan ƙafafun katako 14 da ruwan Seine ke juyawa, tana tura ruwa sama da tudu. Bai isa ba. Aka fara haƙa hanyar janyo kogin Eure daga nesa, aka zuba dubban sojoji a aikin, zazzaɓi ya kashe da yawa, yaƙi ya zo aka watsar. Don haka idan sarki ya fito zagaya lambu, masu kula da maɓuɓɓugai sai su riƙa yi wa juna fito, a buɗe wadda zai wuce, a rufe wadda ya bari a baya. Har yau da hannu ake buɗe su, da dogon mabuɗin ƙarfe, kuma gangara ce ke tura ruwan. Na ga ɗaya daga cikin ma'aikatan yana murɗa nasa da hannu biyu, na bi shi da ido fiye da yadda na kalli ruwan. Na kuma shiga lambun kayan miyan sarki, hekta tara, wanda Jean-Baptiste de La Quintinie ya shimfiɗa tsakanin 1678 da 1683 a kan fadama, kuma ɗalibai suna koyon aiki a cikinsa har gobe.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. A wannan Versailles ɗin, a watan Maris na 1685, Louis na 14 ya fitar da dokar da ta tsara bautar baƙar fata a tsibiran Faransa, wadda ta lissafa bawa cikin kayan da ake mallaka. Idan ka bi Loire har kusa da teku za ka isa Nantes, tashar da ta fi kowace a Faransa tura jiragen cinikin bayi. Baƙin mutum ba zai yi yawo a waɗannan wurare zuciyarsa sake ba. Na ji daɗin kyan, na kuma ji nauyin abin da ke bayansa, duka biyun a rana ɗaya, kuma ban ga dalilin ajiye ɗaya don ɗaya ba.

Amboise na bari ƙarshe don ita ta fi taɓa ni. A cikin azumin 2017 muka je, watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Wani abokin karatuna ɗan Aljeriya ne ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka raka ni ziyara." Minti ashirin ne a jirgin ƙasa. Fadar tana kan dutse, tana kallon Loire daga sama, da wata hasumiya mai faɗi wadda mahaya ke hawa da dawakinsu har ciki. Nan Sarki Charles na Takwas ya bugi goshin ƙofa da kansa ya rasu a 1498. Nan kuma kabarin Leonardo yake, a wata 'yar majami'a a gefen katanga. Ya zo Amboise a 1516 bisa gayyatar François na Ɗaya, ya zauna a Clos Lucé kusa da fadar, ya rasu ranar 2 ga Mayu 1519. Jama'a duk can suka yi layi.

Abokina bai tsaya ba. Ya ja ni muka haura can ƙarshen lambun, inda baƙi ba su cika isa ba. A nan ya ba ni labarin Amir Abdulƙadir. Shekara goma sha biyar yana yaƙar Faransawa a Aljeriya, daga 1832 zuwa Disamban 1847, lokacin da ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariya ko Akka. Ba a cika alkawarin ba. Aka tsare shi a Toulon, sannan Pau, sannan a Nuwamban 1848 aka kawo shi Amboise da iyalinsa da mabiyansa, kimanin mutum 80. Shekara huɗu suka yi a cikin wannan fada mai sanyi da danshi, mutanen da suka saba da rana. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu, har da mata da ƙananan yara, aka binne su a nan. A Oktoban 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Daga baya ya zauna a Dimashƙa, inda a 1860 ya buɗe gidansa ya kare dubban Kiristoci daga kisa, ya rasu a can a 1883.

Mutanen garin Amboise, da suka saba da shi suka kuma girmama shi, sun tara kuɗi sun gina abin tunawa a makabartar, da jinjirin wata a kansa. A 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara lambu a wurin. Duwatsu 25 ne da aka kawo daga Halab ta Siriya, ɗaya ga kowane mamaci, da rubutun Larabci a jikinsu, sai wani layin shuka kore da ya ratsa tsakaninsu ya miƙe ya nufi alƙibla. Ba shi da girma. Da za a sa shi a gefen Versailles ba wanda zai lura da shi.

Muka tsaya muka ɗaga hannu muka yi musu Fatiha da Ƙulhuwallahu. Abokina ya kasa ƙarasa addu'ar, ni na ƙarasa. Ina tsaye ina tuna abin da tsofaffi ke faɗa a gida: yadda Faransawa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, da yadda a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa suka kai shi Kwaddibuwa. Na gaya wa abokina, bai taɓa ji ba, kamar yadda ni ma ban taɓa jin labarin waɗannan 25 ɗin ba. Muna nan zaune sai ga wata matashiya cikin masu lambun fadar ta zo da kwando da ɗan almakashi. Ta gan mu, ta dakata daga nesa har muka shafa, sannan ta matso ta durƙusa tana cire ciyawa daga gindin duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ta ko kullum ake yi. Ta ce yadda ake kula da sauran lambun haka ake kula da nan. Abokina ya yi mata godiya har sau uku. Muka koma Tours muka sha ruwa a ɗakinsa da dabino da miyar da mahaifiyarsa ta koya masa.

A 2018 na gama na dawo gida. Yanzu da manoman rani nake aiki, kan ban-ruwa da juya shuka da rage maganin fesawa, kuma duk lokacin da aka kira taro kan gyaran tsofaffin gidajen Birni ina zuwa, in roƙi a fara jin ta bakin magina kafin ta injiniyoyi.

Ƙannenmu da ke tafiya karatu Faransa suna yawan tambayata ta ina za su fara. Ina ce musu su riƙa yawo da katin zama da na ɗalibi a aljihu, su nemi keke tun makon farko, su kuma riƙe ƙarshen mako na uku na Satumba, lokacin ranakun kayan tarihi da ake yi tun 1984, inda ake buɗe wurare da yawa kyauta ko da rangwame, har da waɗanda a rufe suke sauran shekara. Villandry a je ta a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da kabeji da kabewa suka cika. In an ga ma'aikaci yana aiki a gaishe shi a yi masa tambaya, galibinsu suna son a tambaye su. Wanda ya je Amboise kuma, bayan ya ga kabarin Leonardo, ya haura ƙarshen lambun ya yi wa bayin Allahn nan addu'a. Tikitin fadar ya haɗa da wurin, ba a biyan wani kuɗi daban.